Tambarinmu ya yi kyau a takarda, amma ya lalace a talabijin: ina gyaran yake?

An aiko da wannan tambaya: "Mun buɗe ɗan ƙaramin kamfani na shirya shirye-shiryen talabijin. Mai zane ya yi mana tambari, a takarda da katin kamfani ya fito tsaf. Amma da muka ɗora shi a kan bidiyo sai ya yi dishi-dishi, wani baƙin zare ya zagaye gefensa, ƙananan rubutun da ke ƙasa kuma ba sa karantuwa. Wata tasha ma ta dawo mana da shirin, ta ce sai mun cire tambarin. Laifin mai zane ne ko na edita?"

Da wuya a ɗora wa mutum ɗaya. Abin da kuka lissafa matsaloli huɗu ne, kowacce da inda ta ɓullo, kuma duk suna gyaruwa ba sai an sake sabon tambari ba. Asalinsu dai guda ne: an zana abin don farar takarda da ba ta motsi, sannan aka kai shi inda bayansa ke sauyawa sau 25 a kowane sakan, ana matse hoton kafin ya isa ga mai kallo, wani na kallo a babbar talabijin, wani a 'yar waya. Tambarin allo ana auna shi ne a mafi ƙanƙantar girman da zai fito, a kan mafi munin hoton da zai hau.

Ku fara da raba aikin gida uku. Akwai ɗan ƙaramin da ke zama a kusurwa daga farkon shiri har ƙarshe. Akwai mai motsi da ke buɗe shiri, wanda yakan zo da sauti. Sai katin ƙarshe, da ke fitowa bayan sunayen ma'aikata sun wuce. Kowanne fayil ɗinsa daban. Kuskuren da ƙananan kamfanoni suka fi yi shi ne ɗaukar hoto guda, a ja shi nan, a rage shi can, a ce an gama.

Batun tasha shi ya fi saurin warwarewa. A aikin talabijin, kusurwar allo ta gidan da ke watsa shirin ce. Su ke ɗora nasu tambarin a lokacin watsawa, da na'urarsu, idan kuwa naku na manne a jikin hoton sai biyun su hau kan juna. Wurin kamfanin da ya shirya shiri shi ne katin ƙarshe, wani lokaci da 'yan sakanni a farko idan yarjejeniya ta ba da dama. Don haka kowane shiri ku fitar masa da masta, wato ainihin kwafin shirin, mai tsabta, wadda babu tambarin kusurwa a jikinta, ku adana ta. Daga ita za a riƙa fitar da kwafin YouTube ko Facebook mai ɗauke da tambarinku. Idan kuka manna shi a masta ɗaya tilo da kuke da ita, ranar da wani mai saye ya nemi shirin, ko ranar da kuka sauya tambari, ba yadda za a yi sai a shafe wurin, tabon kuma kowa zai gan shi. Kafin ku kai wa kowace tasha aiki, ku nemi takardar ƙa'idojinta na karɓar shiri. A ciki ake faɗin sakan nawa aka yarda katin ƙarshe ya yi, da ko an yarda ya motsa ko ya yi sauti. Wasu tashoshin tsayayyen kati marar sauti kawai suke karɓa.

Sai zanen kansa. Ku koma wurin mai zanen ku karɓi ainihin fayil ɗin da ya yi aiki a kai, wato zanen bekta, mai ƙarewa da SVG, AI ko EPS. Irin wannan fayil lissafin layuka da lanƙwasa ne a cikinsa, shi ya sa ko an kai shi girman bango ba ya fashewa. Dishi-dishin da kuka gani sau tari daga nan yake: an turo ƙaramin JPEG ta WhatsApp, manhajar ta matse shi, edita kuma ya ja shi ya ƙara masa girma. Hoton fiksel, wato irin JPEG da aka gina da ƙananan ɗigo-ɗigo, ana rage shi, ba a ƙara shi. Ku kuma ce masa ya mayar da haruffan su zama zane, don kada a buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da irin salon rubutun, ta musanya shi da wani. Idan sunan kamfanin yana da ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ, a tabbatar salon rubutun yana da su nasa na kansa. Da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salon, ya fito siriri ko gajere a tsakiyar suna. Noto Sans da Andika suna da su duka, lasisinsu kuma ya yarda a yi kasuwanci da su.

Abin da zai je kusurwa bai kamata ya zama cikakken tambarin ba. A cire taken kamfani, a cire lambar waya, a cire duk wani siririn rubutu, a bar alamar kaɗai ko haruffa biyu zuwa uku masu kauri. Lissafi ne ya tilasta haka. A hoto mai faɗin fiksel 1920 da tsayin 1080, tambarin kusurwa ya isa idan ya ɗauki kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na tsayi, wato fiksel 54 zuwa 86. A ce kun tsaya a 72. Mai kallon da intanet ɗinsa ba ƙarfi, YouTube zai saukar masa da hoton zuwa tsayin fiksel 360, ɗaya bisa uku ke nan, tambarinku ya koma fiksel 24. Layin da kaurinsa fiksel 3 ne ya koma 1, wanda bai kai haka ba ya narke. Rubutun da ke ƙarƙashin alama, wanda da ma bai wuce fiksel 12 ba, ya zama 4, kuma babu harafin da ke karantuwa a fiksel 4. Gwajin ba wuya: a rage tambarin zuwa tsayin fiksel 24, a kalle shi a haka ba tare da an zuƙo ba. Idan wanda ya san kamfanin ya gane shi, ya ci. Alamar idon nan ta tashar CBS ta Amurka, wadda William Golden ya zana a 1951, da'ira ce da siffar ido kawai. An yi ta a zamanin talabijin marar launi, hoto babu kaifi, kuma har yau da ita tashar ke aiki. Irin wannan sauƙin ake nema.

Inda za a ajiye shi ma da ma'auni. Talabijin da yawa har yanzu suna ɗan yanke gefen hoto, abin da aka gada daga tsofaffin nan masu ƙatuwar ƙeya. Ƙa'idar EBU R 95 ta ƙungiyar tashoshin Turai ta ce rubutu da zane su ja baya da kashi 5 cikin 100 daga kowane gefe. A hoton 1920 da 1080, fiksel 96 ke nan daga hagu da dama, 54 daga sama da ƙasa. A 4K, wanda faɗinsa da tsayinsa ninkin wannan ne, a ninka, 192 da 108. Manhajojin tace bidiyo suna da layukan da ke nuna wannan iyaka, wasu ma da tsohon ma'auni suke zuwa na kashi 10 daga kowane gefe, wanda ya fi shigowa ciki, shi ma babu laifi. Kusurwar sama ta fi ta ƙasa, domin ƙasa wurin fassarar rubutu ne, da sunan mai magana, da labarai masu gudu, da maɓallan kunna bidiyo. YouTube ma yana da nasa wurin ɗora tambarin tasha a ƙasa ta dama, yana karɓar hoto mai kusurwa huɗu daidai da ya kai fiksel 150 da 150, wanda bai wuce megabait 1 ba. Idan kun kunna wannan, kada ku manna wani a kusurwar. Ga masu yanka shiri zuwa bidiyon tsaye na waya kuwa, daga faɗin 1920 kusan fiksel 608 na tsakiya ne kawai ke tsira, tambarin kusurwa ya tafi gaba ɗaya. Bidiyon tsaye sai an yi masa nasa tsarin a 1080 da 1920, a nesanta tambarin daga gefen dama da ƙasa inda maɓallai ke cunkushe.

Wata dabara da ke kashe rigima tsakanin editoci: kada a ba su ɗan guntun tambari kowa ya ajiye inda idonsa ya ga dama. A fitar da PNG mai girman allo gaba ɗaya, 1920 da 1080, babu komai a ciki sai tambarin a mazauninsa. Edita ya ɗora a layin sama kawai, bai ja ba, bai rage ba. Kashi na ɗaya da na arba'in za su fito iri ɗaya, kuma tambarin ya zauna daidai a kan cikakken fiksel, domin idan ya faɗa tsakanin fiksel biyu manhaja takan laushe gefensa.

Mu zo kan baƙin zaren nan, wanda shi ya fi wahalar da editoci. Hoton allo launi uku ne, ja da kore da shuɗi. Abin da za a ɗora kan bidiyo yana buƙatar na huɗu da ake kira alfa, wanda ke gaya wa manhaja inda tambari yake, inda babu komai, da inda yake shara-shara. JPEG ba ya ɗaukar alfa, haka ma MP4 na yau da kullum. Shi ya sa idan aka kawo tambari a kan farin fage ko baƙi, edita ya shiga goge bayan da hannu ko da kayan cire koren fage, sai gefen ya fito a cizge, da ragowar launin fagen a jikinsa. Tsayayyen tambari a fitar da shi a PNG. Mai motsi a fitar da shi a nau'in fayil ɗin bidiyo na ProRes 4444, ko a jerin hotunan PNG ko TGA mai bit 32. Masu watsa shiri kai tsaye da manhajar OBS za su iya amfani da WebM mai alfa.

To, ko alfa ɗin yana nan, zaren na iya fitowa, ga kuma dalili. Fiksel ɗin da ke bakin gefe rabi tambari ne rabi fage, da haka lanƙwasa ke yin santsi a ido. Hanya biyu ake adana su. A ta farko, launin yana nan cikakke har bakin gefe, alfa ne kaɗai ke ɗauke da shara-sharan, manhajoji suna rubuta wannan da Straight. A ta biyu, an riga an gauraya launin gefen da baƙi tun wurin fitarwa, ita ce Premultiplied. Idan fayil ɗin na biyun ne, manhaja kuma ta ɗauke shi a matsayin na farko, sai ta sake rage hasken gefen da aka riga aka rage. Baƙin zaren ke nan, kuma ya fi fitowa a kan sararin sama ko farin bango. Idan akasin haka ya faru, gefen ya yi haske fiye da kima, ya yi kaushi. Gyaran bai kai minti ɗaya ba. A manhajar After Effects a shiga Interpret Footage a sauya, a DaVinci Resolve a shiga Clip Attributes a nemi Alpha Mode, a na'urar haɗa kyamarori ta ATEM kuwa akwai wurin kunnawa da kashewa mai suna Pre Multiplied Key. PNG a ƙa'idarsa Straight ne, amma bidiyon da After Effects ya fitar Premultiplied yake zuwa idan ba a taɓa saitin ba, kuma a nan aka fi samun ruɗanin. Ku rubuta nau'in a jikin sunan fayil don wanda zai karɓa ya sani. Kafin a ce an gama, a ɗora tambarin a kan fari, da baƙi, da ruwan toka, a zuƙo sau huɗu a bi gefen da ido.

Launi kuma yana da nasa tarkon. Fayil ɗin da aka shirya wa maɗaba'a a tsarin launin tawada na CMYK yake, allo kuwa RGB, wato ja da kore da shuɗi, don haka a nemi mai zane ya ba da na RGB tare da lambobin kowane launi a rubuce. Kwamfuta tana ƙirga haske daga 0 zuwa 255, amma bidiyon HD na ƙa'idar Rec. 709 baƙinsa a 16 yake, farinsa a 235, ko 64 da 940 idan mai bit 10 ne, wato mai matakan haske fiye da na mai bit 8. Manhaja ce ke yin wannan juyin da kanta, sai dai idan saiti ya karkace. Idan an juya sau biyu, baƙi ya koma ruwan toka, tambari ya yi fari-fari kamar an wanke shi. Idan ba a juya ba sam, farin ya haura iyaka, masu duba inganci a tasha su dawo da shirin, domin akwai ƙa'idar EBU R 103 da ta kayyade iyakar da sigina zai iya wucewa. A buɗe ma'aunin haske na cikin manhaja a duba, ido kaɗai ba ya isa. Ni a ganina farin tambari ya tsaya a wajen kashi 90, ya fi daɗin kallo. Idan kuma shirin HDR ne, wato mai kaiwa haske fiye da bidiyo na yau da kullum, ƙa'idar BT.2408 ta ajiye farin zane a 203 a ma'aunin hasken allo na nit, wato kashi 75 a nau'in HDR da ake kira HLG, 58 a nau'in PQ. Wanda ya kai shi ƙarshen ma'auni zai kashe wa masu kallo ido.

Abin da masu zanen takarda ba su cika sani ba shi ne, bidiyon da ke isa ga jama'a kusan duk a tsarin 4:2:0 yake. Kowane fiksel yana da nasa bayanin haske, amma bayanin launi guda ɗaya fiksel huɗu ke rabawa. Saboda haka jan rubutu a kan shuɗi, ko ja mai tsananin ƙarfi a kan baƙi, gefensa yakan zube ya yi tsani-tsani. Bambancin da ke fito da tambari ya zama na haske da duhu. A mayar da shi baƙi da fari a gani: idan rubutun ya ɓace a cikin fagensa, launukan ba su dace da allo ba. Launi mai sauka a hankali daga haske zuwa duhu shi ma yakan fito zobe-zobe a bidiyo mai bit 8, musamman a duhun fagen tambarin buɗewa. Launi bai-ɗaya ya fi aminci. In kuwa dole ne, a barbaɗa ɗan ƙanƙanin yashin hoto, kashi 1 zuwa 2, a fitar a bit 10.

Ga na kusurwa, abin da ya fi aiki shi ne fari zalla, a rage kaurin launinsa zuwa kashi 60 ko 70 don hoton baya ya ɗan leƙo, a sa masa 'yar inuwa baƙa mai laushi, kaurin kashi 30 zuwa 40, yaɗuwar fiksel 4 zuwa 6. Inuwar ce ke riƙe shi idan kyamara ta juya kan farin bango. Shara-sharan kuma yana da wani amfanin: talabijin na OLED da na filasma suna iya riƙe tabon duk abin da ya daɗe a wuri ɗaya da haske mai ƙarfi.

Idan tashar tana watsawa a 1080i, kowane firem, wato hoto guda cikin jerin hotunan da ke yin bidiyo, gida biyu ake raba shi, layukan mara daban, na cika daban, ana nuna su bi da bi sau 50 a sakan. Layin kwance mai kaurin fiksel 1 a rabi ɗaya kawai yake faɗawa, sai ya riƙa ƙiftawa sau 25 a sakan. Kada layin kwance ya gaza fiksel 2, gara ma 3 ko 4, a kuma ɗan laushe shi daga sama zuwa ƙasa da rabin fiksel. Tashar da ke kan tsohon tsarin 720 da 576 kuwa fiksel ɗinta ba murabba'i ba ne, shi ya sa da'ira kan koma siffar ƙwai idan an jefa tambari kai tsaye. A yi zanen a HD, ko a 1024 da 576 idan hoton mai faɗi ne, a bar manhaja ta yi juyin wurin fitarwa.

Tambarin buɗewa kada ya wuce sakan 3 zuwa 5, firem 75 zuwa 125 ke nan a gudun 25. A cikin wannan, sakan 2 cur tambarin ya tsaya cak a karanta shi. Mai kallon kashi na goma ya riga ya gan shi sau tara, kuma a intanet dogon buɗewa korar mutane yake. A fitar da shi a gudun firem ɗin da shirin yake, 25 a ƙasashen da ke kan tsarin Turai, 29.97 a Amurka, domin juya wannan zuwa wancan shi ke sa motsi ya riƙa tuntuɓe. Shirye-shiryen samfurin nan da ake saukewa, masu wuta da tartsatsi da fashewar gilashi, kamfanoni barkatai ne ke amfani da su, mai kallo ya gan su a wurare da yawa. Idan babu mai iya motsa zane da kyau, tambari ya bayyana a hankali cikin firem 12, ya tsaya, ya ɓace. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Abu guda kuma da ba wasa a cikinsa: walƙiyar haske fiye da sau 3 a sakan ɗaya, musamman mai ja sosai, tana iya tayar wa masu farfaɗiya ciwonsu. Ƙa'idar ITU-R BT.1702 a kan wannan take, kuma akwai tashoshin da ke gwada kowane shiri da na'ura kafin su karɓa.

Sautinsa ya daidaita da na shirin, kada mai kallo ya zabura ya nemi rimot. Tashoshin da ke bin EBU R 128 suna son ƙarfin sautin shiri ya tsaya a -23 a ma'aunin LUFS, ƙololuwar sauti kada ta haura -1 dBTP. A ajiye sautin daban a WAV mai 48 kHz, don a iya cire shi idan tasha ta ƙi. Kuma ya zama naku ne, wanda aka yi muku ko kuka sayi lasisinsa, domin ko ɗan guntun kiɗan wani yana iya sa a yi muku da'awa a kan kowane bidiyo da ya fito a ciki.

Haka shi ma zanen. Biyan mai zane kuɗin aiki ba kullum yake nufin haƙƙin mallaka ya dawo hannunku ba, ku sa ya rubuta ya sa hannu cewa ya miƙa. Wurin rajistar alamar kasuwanci, shirya fina-finai da shirye-shiryen talabijin a aji na 41 yake a tsarin Nice da ƙasashe da yawa ke bi, watsawa kuma a aji na 38. Alamar ® sai bayan rajista ta fito ake sa ta. Tambarin kusurwa fa ba ya hana sata, mai sata yanke shi yake ko ya rufe da nasa. Kwafin da za ku tura wa mai son saye ya duba, shi ake shimfiɗa wa babban tambari mai shara-shara a tsakiyar hoto, tare da agogon firem yana gudu a ƙasa.

Gwajin ƙarshe a wajen ɗakin edita ake yinsa. A yanko minti ɗaya da ya haɗa fitowar rana, da fitowar dare, da wurin da kyamara ke gudu, a ɗora tambarin. A loda shi a YouTube a ɓoye, a kalla a 360 a waya, a tsakar rana. Sannan a zuba shi a filasha a kunna a talabijin mafi arha da za a samu, ba tare da an taɓa saitin da ta zo da shi ba, a ja baya kamar mita uku. Idan gefen tambarin ya shige bakin allo, a ƙara matso da shi ciki. Idan ya ɓace a fitowar rana, a ƙara inuwa kafin a ƙara kaurin launinsa.